Me Ya Haɗa Robert Plant da Goge? Yadda Aka Yi Kundinsa na 2014 da Irin Karɓar da Ya Samu

Tambaya: Malam, wani abokina ya turo mini waƙoƙin wani dattijon Bature mai suna Robert Plant, daga kundin da ya fitar a 2014. Ina sauraro sai na ji goge, can kuma na ji wani yana jan baiti da Fulatanci. Da na tambaya aka ce mini ai shi ne mawaƙin tsohuwar ƙungiyar nan ta kiɗan rok, Led Zeppelin. Me ya haɗa shi da goge? Yaya aka yi kundin, kuma ya karɓu a can? Sannan ba irin ɗibar kayanmu ba ne da Turawa suka saba yi su je su yi kuɗi da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Goge ka ji, Fulatanci kuma ka ji. Sunan kundin Lullaby and... The Ceaseless Roar, kamfanin Nonesuch ne ya fitar da shi a watan Satumban 2014, lokacin Plant yana da shekara 66, kuma shi ne na goma cikin kundayen situdiyo da ya yi da sunansa shi kaɗai. Mai gogen sunansa Juldeh Camara, Bafulatanin Gambiya ne da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Abin da yake kaɗawa su a can riti suke ce masa: ƙoƙo ne da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya tal, ana goga ta da izga. Duk wanda ya taɓa sauraron kukumar Hassan Wayam ko ta Garba Supa, da ya ji zai gane dangi ne.

Amma kafin a zo kan gogen sai an fara sanin irin kayan da wannan bawan Allah yake ɗauke da su a ka, domin su ne suka sa kundin ya fito a yadda ya fito.

An kafa Led Zeppelin a 1968 da mutum huɗu: Jimmy Page a jita, John Paul Jones a jitar bas da fiyano, John Bonham a ganguna, sai Plant a bakin makirufo. Cikin shekara 12 suka zama abin da suka zama. Ranar 25 ga Satumba, 1980, Bonham ya rasu, kuma a Disambar shekarar sauran ukun suka ba da sanarwar cewa ba za su ci gaba ba tare da shi ba. Ga Plant rashin ya wuce na abokin aiki, domin shi da Bonham tun suna samari suke kiɗa tare a tsakiyar Ingila, tun ba wanda ya san su. Daga wannan lokaci duk inda ya sa ƙafa tambaya ɗaya ake yi masa: yaushe za ku dawo? A Disambar 2007 suka haɗu suka yi wasa na dare ɗaya a zauren O2 na Landan don tunawa da Ahmet Ertegun, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin faifai na Atlantic, ɗan Bonham mai suna Jason ya zauna a kujerar mahaifinsa. Neman tikiti kusan miliyan 20 aka yi, a zauren da bai wuce ɗaukar mutum 20,000 ba. Kowa ya ɗauka daga nan sai zagayen duniya. Plant ya ce a'a, ya kama hanyar Amurka ya ci gaba da wasa da mawaƙiyar Amurka Alison Krauss.

Mutane da yawa sun fassara wannan da girman kai ko taurin kai. Ni a nawa ganin akwai lissafi irin na mai sana'a a ciki. Waƙoƙin Led Zeppelin an yi su ne da maƙogwaron ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai iya ƙwala ihu a can ƙololuwa ya riƙe. Ko a wasan 2007 ɗin sai da aka sassauto da wasu waƙoƙin ƙasa domin muryarsa ta kai. Dare ɗaya ana iya yi. Amma a ce mutum ya shiga shekara sittin yana maimaita ihun ƙuruciyarsa dare bayan dare, wata da watanni, wannan kwaikwayon kansa zai koma yi, kuma shi ya fi kowa sanin haka. Kundin da kake tambaya a kai, idan ka saurare shi da wannan a ranka, za ka ji cewa gaba ɗayansa an ɗinka shi ne daidai muryar da ta rage masa, ba wadda ta wuce ba.

To, ina ya samo Afirka? Ba a 2014 ya fara ba. Tun farkon shekarun 1970 yake zuwa Maroko, kuma ya sha faɗin yadda muryar Ummu Kulsum ta Masar ta sauya masa tunani a kan rera waƙa. A 1994, da shi da Page suka yi wani aiki na haɗin gwiwa, sun je Marrakesh sun zauna da makaɗan Gnawa. Su Gnawa ɗin nan jikokin mutanen da aka kwasa ne daga kudancin Sahara, har yau a cikin waƙoƙinsu ana ambaton Hausa da Fulani da Bambara, kuma wanda ya san bori ba zai rasa ganin kamanni a zamansu na dare ba. Sai dai mutumin da ya buɗe masa ƙofar sosai shi ne Justin Adams, makaɗin jita ɗan Ingila wanda mahaifinsa jakada ne, ya taso a ƙasashen Larabawa. Adams yana cikin waɗanda suka ɗauki kundin farko na Tinariwen, ƙungiyar Buzayen arewacin Mali, a Kidal, daga baya kuma shi ne furodusan kundinsu na 2007. Tare da shi Plant ya je bikin kiɗan hamada a Essakane, bayan Tumbutu, a Janairun 2003, inda Ali Farka Touré da Tinariwen suka yi wasa. Kundin Plant na 2005, wanda ya yi da ƙungiyarsa ta lokacin mai suna Strange Sensation, cike yake da tasirin wannan tafiya.

Daga nan sai ya yi kwana zuwa Amurka. Kundinsa da Alison Krauss na 2007 ya ci kyautar Grammy biyar a 2009, har da ta gwarzon kundin shekara, ya kuma sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a Amurka kaɗai. A 2010 ya yi wani a Nashville, ya tare a Austin ta jihar Texas da mawaƙiya Patty Griffin. Yana can, shi kuwa Adams bai zauna ba: ya haɗu da Juldeh Camara suka yi kundaye uku tsakanin 2007 da 2011, har suka kafa ƙungiya mai suna JuJu, da Billy Fuller a bas da Dave Smith a ganguna.

Nan ne gaɓar da na fi son ka riƙe. A 2012 da Plant ya kafa sabuwar ƙungiya, Sensational Space Shifters, ba wai ya zauna ya ce a nemo masa wani ɗan Afirka da zai yi wa faifansa ado ba ne. JuJu ya ɗauko ɗungurungum, mutum huɗu da suka riga suka san numfashin juna, ya haɗa su da tsofaffin abokan aikinsa biyu: John Baggott mai fiyano da injinan sauti, wanda ya yi aiki da Massive Attack da Portishead na birnin Bristol, da Liam Tyson mai jita daga Liverpool. Wato a wannan ƙungiya goge ya riga Plant zama. Shi ne ya zo ya tarar. Suka kuma yi shekara biyu suna yawon wasa, har tsofaffin waƙoƙin Led Zeppelin suna warware su suna sake saƙawa da goge a inda mutane suka saba jin jitar Page, kafin su kammala kundin. Shi ya sa ba ka ji ɗinki a tsakani ba.

Plant ne furodusa da kansa. An ɗauki aikin a kudu maso yammacin Ingila, a situdiyon Helium da kuma Real World na Peter Gabriel, sannan Tchad Blake ya yi miksin ɗin mafi yawan waƙoƙin. Waƙa 11 ce.

Bari in ɗan shiga cikin aikin, domin haɗa goge da kayan kiɗan Turawa ya fi yadda ake zato wuya. Matsala ta farko ita ce tsayin sauti. Fiyano da jita an yanka musu matakai 12 tsayayyu, ko ka taka wannan ko ka taka wancan, babu tsakiya. Goge ba shi da mataki ko ɗaya. Yatsa ne yake zamewa a gefen tsirkiya, kuma daɗinsa duk yana cikin wannan zamewar da ɗan karkacewar da yake yi tsakanin sauti da sauti. Idan ka sa shi a kan waƙar da ƙarƙashinta yake sauya mazauni kowane daƙiƙa biyu, yadda waƙoƙin Turawa suka saba, sai ya riƙa jin kamar ya kauce, alhali bai kauce ba. Abin da suka yi shi ne suka hana ƙasan motsi. A waƙoƙin da gogen yake ja, bas da injin Baggott suna tsayawa a kan sauti ɗaya ko biyu suna ta kewayawa, gangunan kuma suna maimaita zubi guda, sai saman ya zama fili, goge ya yi yawonsa. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Plant, domin tsohon kiɗan bulus na baƙaƙen fatar arewacin Mississippi a Amurka da ya daɗe yana so haka yake, mazauni ɗaya ake kamawa a yi ta tafiya. Sautuka biyar da gogen yake yawo a kansu kuma kusan su ne na bulus ɗin.

Matsala ta biyu wuri ne. Goge, da muryar mutum, da jitar lantarki, duk a yanki ɗaya na kunne suke zaune, tsakiya zuwa sama. In ka sake su tare sai su danne juna, a rasa na ji. Saurari yadda aka raba musu lokaci: Plant ya yi layi ya yi shiru, goge ya amsa, jita ta shigo, goge ya janye. Tsarin jagora da 'yan amshi ne, sai dai nan ɗan amshin tsirkiya ce. Ga kuma bandiri, irin dai wanda ka sani a hannun 'yan Ƙadiriyya, da Adams yake bugawa, wanda ya ba wa kiɗan wani kauri da gangunan rok na yau da kullum ba sa bayarwa. Shi kuwa Blake an san shi da ƙin sauti mai sheƙi. Yana son ganga ta ji kamar an ɗan murƙushe ta, yana barin ƙura a jikin sauti, kuma wannan ya yi wa gogen rana, don da an wanke komai tas da kartar izgar ta fito kamar aibi.

A nan nake jin takaicin yadda situdiyoyinmu da yawa suka sallami masu kukuma da goge suka koma danna sautinsu a fiyano. Araha ne, na sani, kuma ba a jiran kowa. Amma zamewar yatsan nan ita ce fiyano ba ta iyawa, ita ce kuma wasu suka ɗauko mutum daga Gambiya saboda ita.

Waƙar da ta buɗe kundin, Little Maggie, tsohuwar waƙar gargajiya ce ta mutanen duwatsun Appalachia a Amurka, wadda aka saba yi da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya irin nasu. Sa banjo da riti a waƙa ɗaya ba tsautsayi ba ne: masu bincike sun tabbatar cewa banjo ya samo asali ne daga kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma da bayi suka tafi da iliminsu, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kama da shi, akonting, na mutanen Jola ne na Gambiya da Senegal. Ita Little Maggie ɗin aka sake juyawa a ƙarshen kundin da sunan Arbaden, inda Camara ya karɓi makirufo da Fulatanci. Ina jin ita ce ka ji. A tsakani akwai Embrace Another Fall, wadda a wurina ita ce ƙololuwar aikin: ta faro a hankali, jita ta fashe a tsakiya, sai ga muryar Julie Murphy da wani tsohon baiti a harshen mutanen Wales. Turanci, Fulatanci da harshen Wales a faifai ɗaya, kuma babu wanda ya ji kamar an jawo shi da ƙarfi. Shi Plant a kusa da iyakar Wales yake zaune, kuma a wani ƙaramin gida na ƙauyen can shi da Page suka tsara waƙoƙi da dama a 1970.

Abin da baitocin suke faɗa kuwa na dattijo ne. Zamansa da Griffin ya ƙare, ya tattara ya koma gida, kuma kusan kowace waƙa tana zagaya ɗayan biyu: kewar ƙasa ko rabuwa. Akwai wadda yake ba da labarin tuƙi a kudancin Amurka yana jin kansa baƙo duk da shekarun da ya yi yana ƙaunar kiɗan wurin. Akwai wadda fiyano ce kawai da murya, kusan raɗa yake yi. Wanda ya san shi da ihu sai ya yi mamakin yadda ya koyi ja da baya daga makirufo.

Batun karɓuwa sai a raba shi gida biyu. Masu sharhi a jaridun Birtaniya da Amurka sun yaba ƙwarai, da yawansu sun sa shi cikin mafi kyawun abin da ya yi tun bayan 1980. A kasuwa ya kai na 2 a jadawalin Birtaniya, na 10 a na Billboard a Amurka. Ga mai shekara 66 da ya zo da sababbin waƙoƙi, da goge a ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma bai kama ƙafar kundinsa da Krauss ba, kuma babu waƙa ɗaya a cikinsa da ta zama ruwan dare a rediyo. Kamfanin da ya zaɓa ma ya nuna inda ya dosa. Nonesuch ba gidan masu neman waƙar yayi ba ne. Su ne suka fitar da kundin Bombino, ɗan Agadas, a 2013.

Ɗaya gidan shi ne inuwar da ta ƙi barinsa. A Yunin shekarar, wata uku kafin nasa ya fito, Page ya sake fitar da kundaye uku na farko na Led Zeppelin da gyararren sauti, kuma duka ukun suka shiga goman farko a Amurka. Ka duba: faifan da aka yi tun 1969 da 1970 suna gogayya da sabon aikinsa a shekara ɗaya. Page kuma yana ta faɗa wa 'yan jarida cewa shi a shirye yake, ya gaji da jan ƙafar Plant. Hirar da aka shirya don sabon kundi sai rabinta ta tafi a kan tsohuwar ƙungiya. A Nuwamba wata jaridar Ingila ta buga cewa attajiri Richard Branson ya yi musu tayin fam miliyan 500 su dawo, wai Plant ya yayyaga takardar. Ɓangaren Plant suka ce shirme ne, Branson ma ya ƙaryata, amma labarin ya fi kundin yawo a duniya. Har yau za ka ji ana ba da shi kamar gaskiya.

Ni ma ba zan ce maka kundin ba shi da rauni ba. Akwai waƙoƙi biyu ko uku a tsakiyarsa da gogen ya ja gefe, suka koma kiɗan jita mai daɗin ji amma wanda ƙungiyoyi da yawa za su iya yi. Duk inda Camara ya yi shiru na tsawon lokaci, wutar tana raguwa. Wannan ma kansa ya gaya maka wane ne ginshiƙi.

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma ba ka yi laifi da ka yi ta ba, domin Led Zeppelin suna da tabo a wannan fanni. Sun ɗebi baitoci da zubin mawaƙan bulus baƙaƙen fata ba tare da sa sunansu ba. Ɗaya daga cikin mawaƙan, Willie Dixon, ya kai su kotu a 1985 a kan ɗaya daga cikin manyan waƙoƙinsu, aka sasanta a waje, aka dawo ana rubuta sunansa. Saboda haka mai zargi yana da hujjar tarihi. Sai dai a wannan kundi abin ya sha bamban. An rubuta waƙoƙin da sunan Plant tare da 'yan ƙungiyar, ba shi kaɗai ba. Waƙar da aka ciro daga ta Lead Belly, tsohon mawaƙin bulus na Amurka, an faɗi daga inda ta fito, ta gargajiyar ma an ce ta gargajiya ce. Camara cikakken ɗan ƙungiya ne, da sunansa, da harshensa, yana tsaye a gaban dandamali a manyan wurare irin su bikin Glastonbury na 2014. Ba a naɗi sautinsa a ƙauye an gudu da shi ba.

Abin da ya rage na ƙorafi, wanda nake ganin gaskiya ne, shi ne rashin daidaiton ƙarfi. Sunan da ke jikin faifan na Plant ne, shi ake yi wa hira, shi yake da ikon cewa gobe an sauya hanya. Kuma an sauya ɗin: a kundinsa na 2017 Camara ba ya cikin ƙungiyar, Seth Lakeman ne ya shigo da goge irin na Turawa a wasu waƙoƙin. Masu sharhi da dama ma da suka yabi kundin 2014, a layi ɗaya suka ambaci Camara suka wuce, kamar kayan yaji, alhali a kan zubinsa aka gina rabin tafiyar.

In gogen ne ya kama ka, to kada ka tsaya a nan. Nemi kundaye ukun da Adams da Camara suka yi tsakanin 2007 da 2011, musamman na ƙarshen da suka fitar da sunan JuJu, wanda a cikinsa akwai waƙoƙin da suka haura minti goma. A can Camara ne yake jan waƙa daga farko har ƙarshe, jita ce take yi masa amshi, kuma bas da gangunan da ka ji a bayan Plant su ne dai a bayansa.